Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Jihar Filato: a auna kifin dam-dam ɗin kuza, a faɗa mana sakamako

Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka, musamman kwamishinonin muhalli da lafiya da aikin gona, waɗanda nake roƙon a miƙa wa kowannensu kwafin wannan takarda. Allah ya ƙara wa jiharmu zaman lafiya, amin.

Ni mai kiwon tarwaɗa ne a yankin Bukuru. Kafin na shiga wannan sana'a na daɗe ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Ina magana ne da yawun mu da muke ci daga kifi: masu kiwo, da masuntan da ke jefa ƙugiya da raga a tsofaffin ramukan kuza, da mata masu suya da banda, da masu gashi da farfesu da yamma, har da iyayen da ke sayen kifin su kai gida. Babu ƙungiyar da ta aiko ni. Magana ce da muka daɗe muna yi a bakin kasuwa, sai abokan sana'a suka ce, Malam, tunda kai ka riƙe alli, kai za ka riƙe alƙalami.

A watan Fabrairun 2025 ka sa hannu kan umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin jihar, aka kafa kwamitin gyara harkar. Mun ji an yi maganar tsaro, da yaran da suka bar aji suka koma ramin loto, wato haƙar kuza da hannu, da kuɗin shigar da ke zurarewa. Duk gaskiya ne, kuma mun yaba. Sai dai a abin da ya iso kunnenmu, ba mu ji an ambaci ruwan da haƙar ta bari ba, balle kifin da ke cikinsa, wanda jama'a ke ci kullum. Dalilin wannan wasiƙa ke nan.

Tun wajen 1904 Turawa suka fara haƙar kuza gadan-gadan a wannan tudu namu. Aka shafe shekaru tamanin ana yasar ƙasa ana wanke ta da ruwa, ana kwashe kuza da kolumbait, wani ma'adinin da ake samu tare da ita, har farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka tattara nasu ya nasu. Abin da suka bar mana shi ne ramuka da tulin yashin da aka wanke. Ramukan sun haura dubu. Duk wanda ya bi hanyar Rayfield zuwa Du da Zawan, ko ya zaga Sabon Gida Kanar da Bisichi ya nufi Barkin Ladi, ya gan su dama da hagu, cike da ruwa, muna kiransu dam. Talaka kuwa bai bar su haka ba. Da su ake noman rani na dankalin Turawa da kabeji da karas. Daga su ake jan ruwa zuwa kwamin kiwon kifi. A cikinsu ake su. Ba don su ba da mutane da yawa ba su da abin yi daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Ƙorafinmu na farko shi ne ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mana wannan dam ɗin kifinsa lafiya lau, wancan kuma a ƙaurace masa. Ita kanta kuza ba ita ce abin tsoro ba, dafinta ga ɗan Adam kaɗan ne. Abin dubawa shi ne sauran ƙarafan da ke kwance tare da ita a cikin dutse, waɗanda haƙa ta tono ta baje a fili, da kuma abin da mu da kanmu muka yi ta zubawa a ramukan tun bayan tafiyar kamfanoni. Kogi yana gudu, damina ta wanke shi. Yawancin dam-dam ɗin nan ba su da mafita. Kamar randa ce da ake ta ƙara wa ruwa shekara da shekaru ba a taɓa juye ta an wanke gindinta ba. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da asenik, in sun shiga, sai su nutse su zauna cikin laka. Ruwan sama-sama yana iya fitowa garau, har a auna shi a ce babu komai, alhali laka ce ke riƙe da kayan. Tarwaɗa kuwa, kowa ya sani, 'yar laka ce: a nan take kwana, a nan take kiwo. Kurungu ma haka.

Akwai wani dam da nake wucewa in zan je sayen abincin kifi. A gefensa na gabas mata ne durƙushe da kwanoni suna wankin kuza, ruwan da ke komawa ciki ja-ja-wur. Gaba kaɗan samari na wanke tifa da babura, mai yana sheƙi a saman ruwa. Ga injin ban ruwa yana ta ƙugi, tiyo ya miƙe zuwa gonar kabeji, kwalaben maganin feshi a yashe a bakin gaɓa. A ɗaya gefen kuma yara uku ne da ƙugiyoyinsu da ɗan bokiti, sun kama karfasa ƙanana. Da magariba wannan karfasar tana cikin kasko. Ba wanda zan zarga a cikinsu, kowa abincinsa yake nema. Amma duk faɗin wurin babu ko da allo ɗaya da hukuma ta kafa.

Na biyu shi ne rafin Dilimi, wanda ya ratsa tsakiyar garin Jos. Duk abin da gari ya zubar, nan ya nufa. Makanikai suna tsiyaye baƙin mai a kwata. Masu fasa tsohon batirin mota suna zubar da ruwansa a ƙasa su kwashe dalmar, ruwan sama ya wanke sauran. 'Yan gwangwan suna ƙona wayoyin lantarki don su fitar da jan ƙarfe. Ƙananan batura na tocila da waya suna cikin bola, bola kuma tana bakin rafi. Da wannan ruwa ake ban ruwa tun daga cikin gari har bayan Farin Gada da Naraguta, kuma manoma sun daɗe suna zuba tokar bola a matsayin taki. In ruwa ya ja baya da rani, yara suna tsintar kifi a kududdufan da ya bari. Sannan kada a manta, ranka ya daɗe, ruwan Filato ba ya tsayawa a Filato. Dilimi yana gangarawa Bauchi ya shiga kogin Jama'are, kogin Kaduna da na Gongola ma daga tudun nan suka taso. Abin da muka zuba, maƙwabta ma suna da rabo a ciki.

A ƙasan jihar kuwa, a Zurak ta ƙaramar hukumar Wase, ma'adinin da ake haƙa ma dalma ce da kanta tare da zinki, kuma rafukan yankin Binuwai suka nufa, inda kifin banda da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu yake fitowa. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Abin da ya sa muka damu shi ne irin aikin da waɗannan ƙarafa ke yi a jiki. Ba irin gubar da za ka ci yau ka yi amai gobe ba ce. Taruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma hanjin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa. Ƙwaƙwalwa take taɓawa. Yaro ya taso ba ya riƙe karatu, ba ya natsuwa, jininsa kullum a ƙasa, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Na tsaya gaban aji shekaru, na san yadda muke saurin yanke wa irin waɗannan yara hukunci. Dalma tana ɓuya a ƙashi shekaru da yawa, in yarinya ta girma ta samu juna biyu sai ta fito tare da sinadarin ƙashi ta shiga jini ta isa ga ɗan tayi. Wato abin da aka ci tana 'yar firamare yana iya kai wa ɗanta. Ga manya kuma tana haddasa hawan jini da lalacewar ƙoda.

Kadmiyam shi ƙoda ya fi so, kuma yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabin abin da ya shiga ya fita. Zaiba, farin ruwan ƙarfen nan da masu wankin zinare ke kama zinare da shi, tata hanyar daban ce. In ta shiga laka, ƙwayoyin halitta suna juya ta zuwa nau'in da ke manne wa tsoka. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙarami, haka take ninkuwa, shi ya sa kifaye masu farauta irin giwan ruwa da tsage, musamman manya tsofaffi, suka fi tara ta. Jijiyoyi take kamawa, kuma jaririn da ke ciki ya fi kowa shiga haɗari.

Wani abu da mutanenmu da yawa ba su sani ba: wuta ba ta kashe ƙarfe. A soya, a dafa, a gasa, yana nan. Banda ma ruwan kifin kawai take ƙonewa, ƙarfen ya ƙara tattaruwa a ɗan abin da ya rage, in kuma da katakon da aka yi wa fenti ko guntun taya aka hura wutar to an ƙara wani a kai. Dalma da kadmiyam sun fi taruwa a hanta da ƙoda da jan abin nan na cikin kai da kifi ke shaƙar iska da shi. To a gidajenmu wa ake ba kan kifi? In an yi farfesu, tsokar ta tafi kwanon maigida, kai da kayan ciki da ragowar romo su tafi wurin yara. Uwa tana yi ne don ƙauna, tana ganin ta ba su mai daɗin tsotsa. Wannan kaɗai, da an yi shelarsa a rediyo, da ya rage wani abu.

Duniya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. A Minamata ta ƙasar Japan, a 1956 aka gano cutar da ta kama iyalan masunta, suna karkarwa, harshe na karyewa, ana haifar yara naƙasassu, saboda zaibar da wata masana'anta ke zubawa a ruwan da suke su. Sai 1968 gwamnatinsu ta amince a hukumance da musabbabin, shekara 12 ana ci gaba da zubawa. A can dai, a yankin Toyama, kadmiyam daga wata mahaƙa ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa. Daga sunan Minamata aka samo yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013, wadda Najeriya ta sa wa hannu ta kuma tabbatar da ita a 2018. A gida kuwa ba mu manta da Zamfara ba, a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sannan a 2015 ta sake kashe 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Waɗancan ba ta kifi suka same ta ba, ƙurar dutsen zinare ce da ake dakawa a tsakar gida. Na kawo su ne saboda yadda aka gano abin: sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga fiye da ƙima, maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya aiki, sannan aka auna jini. Ba ma son a ce sai ta haka za a waiwaye mu.

Ƙorafi na uku ya shafi aljihunmu kai tsaye, kuma ba zan ɓoye ba. Rashin awo yana kashe mana kasuwa. Kwanakin baya wani saƙon murya ya zaga WhatsApp, wai duk tarwaɗar Jos guba ce, ita ke kawo ciwon ƙoda. Ba sunan dam, ba sunan likita, ba komai. Amma ya yi aiki. Wata baiwar Allah da ke sarar kifi a wurina tana soyawa a bakin titi ta zo da safe ta ce, "Malam, yau rabi zan ɗauka, na jiya ma yara ne suka cinye." Mijinta ya rasu, da wannan kaskon take biyan kuɗin makaranta. Ni da ruwan burtsatse nake kiwo, amma me zan nuna wa mai saye? An yi mana kuɗin goro, mai ruwa mai kyau da mai mugun ruwa, saboda babu takardar da za ta raba mu.

Na yi ƙoƙarin nemo takardar da kaina. Na sa kifi a kula da ƙanƙara, na cika gora da ruwa, na nufi wani ofishi. Aka ce ba aikinsu ba ne, in je wani. Can aka ce in rubuto takardar neman izini. Da na samu ɗakin gwajin da ke da na'urar, sai aka ce kowane ƙarfe da kuɗinsa, kowane samfur da nasa. Da na haɗa lissafi, ya haura ribar da nake sa rai a kwami guda. Kifin dai a miya ya ƙare. In ni da na san abin da nake nema na gaza, ina ga masuncin da bai taɓa jin sunan kadmiyam ba?

Abin takaici, ba masana muka rasa ba. Jami'ar Jos tana nan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924. Ga cibiyar bunƙasa sarrafa ƙarafa ta ƙasa, ga cibiyar nazarin haƙar ma'adinai, duk a garin nan, ga asibitin koyarwa. Mun sha ganin ɗalibai da malamansu a bakin dam da kwalabe da safar hannu, suna ɗibar ruwa da laka, har kifi suke saya a hannunmu. Sai su tafi. Sakamakon ya ƙare a kundin digiri da mujallun Turanci, mu da aka ɗebi kifinmu ko labari. Ma'aunin ma ba sai an ƙirƙiro shi ba: hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, ta sa iyakar dalma a kifi miligiram 0.3 a kowane kilo, Tarayyar Turai kuma ta sa miligiram 0.05 na kadmiyam a tsokar yawancin kifaye. Abin da ya rage a ɗora kifinmu a kan wannan ma'auni a gani.

Don haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A auna. A fara da dam-dam ɗin da aka fi su da ban ruwa a Jos ta Kudu da Barkin Ladi, da rafin Dilimi daga sama har ƙasa, da rafukan da ke kewaye da Zurak. Kada a tsaya kan ruwa kaɗai, a haɗa da laka da kifin kansa, tsoka daban, hanta daban, tarwaɗa daban, karfasa daban. A yi da rani, lokacin da ruwa ya ja komai ya tattaru, a sake yi da damina. A kuma bi kasuwannin Kugiya da Farin Gada da Taminus a ɗebi kifin banda da ake kawowa daga nesa, da abincin kifin da muke saya, don shi ma hanya ce. Wannan aiki ne da ma'aikatar muhalli da PEPSA, hukumar kare muhalli da tsafta ta jiha, za su iya jagoranta, su jawo NESREA, hukumar tarayya mai sa ido kan dokokin muhalli, da NAFDAC da jami'a. Masunta za su raka ma'aikatanku kyauta, sun san kowane rami da sunansa.

In an auna, a faɗa. Wannan shi ne wanda ya fi muhimmanci a wurinmu, shi ne kuma muke tsoron za a tsallake. A fitar da sakamako dam bayan dam, da sunansa, da Hausa da Birom da sauran harsunanmu, a gidan rediyon jiha, a masallatai da majami'u, a kafa allo a bakin ruwa. Inda aka samu lafiya a faɗa da babbar murya, don kifi abinci ne mai gina jiki, kuma shi ne naman da talaka ke iya saye. Ba ma son a firgita mutane su bar shi. Inda aka samu matsala a faɗi wane kifi, a kuma faɗi su wa ya kamata su fi kiyayewa, wato masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara.

Idan ta kama a hana su a wani dam, to kada a aiko da jami'an tsaro su ƙwace raga su tafi. Wanda aka hana da rana zai dawo da dare, kifin kuma ya shiga kasuwa ba wanda ya san asalinsa. A nuna masa wani ruwan. Gonar kifi ta Panyam, wadda aka kafa tun shekarun 1950, tana iya samar da 'ya'yan kifi a zuba a dam-dam ɗin da awo ya wanke, a mayar da masuntan can.

Muna kuma roƙon a buɗe wuri guda, ƙofa ɗaya, inda mai kiwo zai kai samfur a auna masa a farashi mai sauƙi, a ba shi shaidar da zai liƙa a rumfarsa. Mu masu kiwo a shirye muke mu biya wani abu, in dai bai fi ƙarfinmu ba.

A ɓangaren lafiya, a samar da ƙananan na'urorin auna dalma a jini, irin masu aiki da ɗigon jinin yatsa, a asibitocin da ke kusa da wuraren haƙa, a riƙa duba yara da mata masu zuwa awon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in aka samu maikirogiram 5 na dalma a kowace desilita ta jini, to a bi sawu a gano inda dalmar ke fitowa. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su san cewa ba kowace jijjiga ce zazzaɓi ba.

Masu fasa batir da masu ƙona waya a bakin Dilimi, a ba su fili nesa da ruwa mai daɓen siminti, a sa ido kan inda suke zubar da ruwan batir. Korarsu kawai ba za ta yi ba, za su koma wani lungun ne su ci gaba.

Batun kuɗi kuwa, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa masu lasisi gyara wurin da suka haƙa, ta kuma tanadi asusun gyaran muhalli da kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Ga kason asusun muhalli da jiha ke karɓa daga tarayya. Duk wanda aka bari ya koma haƙa, a sa masa sharaɗin inda ruwan wankinsa zai zuba, a kuma riƙa auna ruwan da ke ƙasa da shi da kuɗinsa. Muna roƙon a sa wannan aiki cikin kasafin kuɗi mai zuwa da layinsa na kansa, kuma kafin nan a ba ma'aikatar muhalli umarni ta kira zama da masunta da masu kiwo da mata masu banda kafin ruwa ya fara ja a watan Nuwamba, don a tsayar da jerin dam-dam ɗin da za a fara da su.

Allah ya taimaki Mai Girma Gwamna, ya yi riƙo da hannunka.

Naka mai biyayya,
Wani mai kiwon kifi,
Bukuru, Jos ta Kudu.